Abdullahi ɗan Fodiyo: Wazirin da ya bar runduna ana dab da cin nasara

A wajajen shekarar 1807, rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ɗauki hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Shekara ta huɗu ke nan da yin hijira daga Ɗagel. Birnin Kebbi ya riga ya faɗi, Kano ta shiga hannun masu tuta, kuma duk mai lura ya san kwanakin Sarkin Gobir Yunfa a bisa gado sun kusa ƙarewa. A daidai wannan lokaci ne babban wazirin Shehu, wanda kuma ƙanensa ne, ya zare jiki daga rundunar tare da abokan tafiya biyar, ya fuskanci gabas da niyyar kada ya tsaya sai Makka da Madina. Ba a ci shi da yaƙi ba, ba a tuɓe shi ba, babu kuma wanda ya kore shi. Dalilin da ya bayar daga baya, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, shi ne ya ga mutanen da suka fito don gyara sun koma rige-rigen mulki da dukiya da neman girma, sun bar masallatai da makarantu babu mai kula. Sa'an nan ya ƙara da maganar da ba kasafai ake jin ta daga bakin mai mulki ba. Ya ce da ya dubi kansa bai ga ya fi su ba, hasali ma ya lissafa kansa a matsayin mafi muninsu.

Wannan shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, uban gidan sarautar da a yau ƙasarta ta miƙe har Bagudo da Ka'oje da Illo da Lafagu, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Wasu na tuna shi da yaƙi, wasu da yawan littattafai. Amma zaren da ya ɗinke rayuwarsa tun daga ƙuruciya har kabari shi ne bai taɓa yarda cewa ya isa ba. Bai yarda ya isa a karatu ba, bai yarda ya isa a hali ba, kuma duk lokacin da mulki ya zo hannunsa ko ya kuɓuce masa, wurin da yake komawa ɗaya ne: tabarmar karatu.

An haife shi a shekarar 1180 ta Hijira, wato wajajen 1766, a gidan malamai na Toronkawa da ke ƙasar Gobir. Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 aka damƙa shi a hannun yayansa. Daga nan ya zama ɗalibi kuma abokin tafiya. A gaban Shehu ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na dauri, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Waɗannan su ne dai littattafan da har gobe ake buɗewa a zaurukan malamai daga Gwandu zuwa Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure ya san yadda ake yi: ɗalibi ya ja baƙi, malami ya fassara, gobe a dawo a ɗora.

Abdullahi bai tsaya ga malami ɗaya ba, ko da kuwa malamin Shehu ne. Duk inda ya ji labarin wani da ya ƙware a wani fanni, sai ya ɗaura niyya. Shi da Shehu sun saurari Sahihul Buhari daga kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji bayan dawowarsa daga Makka, a wajajen 1786. Sun je wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya fi kowa zafi a kan gyaran addini a zamanin, inda Shehu ya koma gida ya bar ƙanen nasa ya ƙara zama yana karanta usulul fiƙihi. Haka ya bi wasu ya ɗauki balaga da manɗiƙi da aruli da Muhtasar na Halilu.

An san duk wannan ne saboda shi da kansa ya rubuta. A 1812, yana da shekara arba'in da 'yan kai, bayan ya jagoranci runduna ya ci birane, ya zauna ya wallafa ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusuhi, wanda babu komai a cikinsa sai jerin malamansa da littafin da ya karanta wurin kowannensu. Mutum a irin matsayinsa zai iya sa a rubuta masa tarihin yaƙe-yaƙensa, sai ya fara da lissafin bashin da ake bin sa. Ya kuma nuna cewa ba zai iya ƙididdige duk waɗanda ya amfana da su ba, domin a cikinsu har da baƙin malamai masu wucewa da ɗalibai 'yan'uwansa. Wannan ɗan littafi yana daga cikin abubuwan da masana suka fi dogara da su a yau wajen sanin abin da ake karantawa a ƙasar Hausa kafin jihadi, kuma Bature Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Turanci a 1957.

Da Shehu ya fita wa'azi ƙasar Zamfara, inda ya shafe kimanin shekara biyar, Abdullahi ne alƙalaminsa. Wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin wa'azi tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da martani, shi kuwa ya amsa da waƙa a kan ma'auni irin na mai sukar. Hujjar da ya kafa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi abin da ake gudu muni. Yana da shekara ashirin da kaɗan a lokacin. Yana kuma wurin a Magami a 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai da Babbar Salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a sakar masa mara ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Bayan Bawa al'amura suka yi tsami. Sarki Nafata ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. A zamanin ɗansa Yunfa aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, rikicin da ya kai ga hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A Gudu Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Bayan wata huɗu, a watan Yuni, shi ne ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto, inda 'yan baka masu tafiya a ƙasa suka karya dawakin Gobir. Malamin nahawu ya zama sarkin yaƙi. A watan Afrilun 1805 ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da zama.

Nasarar ba ta zo a arha ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe wa jama'a kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A Alwasa, ƙarshen 1805, an sake yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare su ne ɗaliban Ɗagel, mutanen da suka san dalilin fitowa, waɗanda aka yi shekaru ana karantar da su. Gurbinsu kuwa sai ya cika da waɗanda suka shigo bayan an ga alamar rinjaye, wasu don ganima, wasu don tsohuwar gaba da sarakunan Haɓe, wasu don kare garkensu. A kan hanyar zuwa Alwasa rundunar ta faɗa wa garin Kwalda, wanda ke cikin amana da jama'a, ta wawashe shi. Abdullahi da Muhammadu Bello sun yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba, har ransu ya shiga haɗari a hannun mutanensu. Abdullahi ya ɗauki kashin da aka sha a Alwasa a matsayin sakamakon wannan cin amana.

Duk wanda ya taɓa shiga wata tafiya ta neman sauyi, ko jam'iyya ce ko ƙungiyar ɗalibai, zai gane wannan gaɓa. Wuyar ba ta ranar da ake korar mutane ana ɗaure su ba ce, domin a ranar masu gaskiya kaɗai ke tsayawa. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka fara rabon muƙami. Abubuwan da Abdullahi ya lissafa a waƙoƙinsa na wannan lokaci ba baƙi ba ne ga kunnen ɗan Najeriya: tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, hawan dawaki don burga a cikin gari, karɓar rashawa a wurin shari'a, naɗa jahilai a kan al'amuran jama'a, har da sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi. Bambancinsa da yawancin masu irin wannan kuka shi ne yana kan kujera ta biyu a daular lokacin da ya yi shi, kuma bai cire kansa daga cikin waɗanda ake zargi ba.

Tafiyar gabas ta tsaya a Kano. Bayan kwanaki a daji ya iso birnin a zamanin Sarki Sulaimanu, ya tarar da shugabannin jihadin can su ma suna jayayya a kan iko. Ya gaya musu abin da ya baro a baya shi ne ya tarar a wurinsu. Suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen tafiyar da mulki. Nan ya wallafa Diya'ul Hukkam, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labarin cewa mutane sun tuba, har an mayar da gangunan fada akussan ba dawaki abinci.

Diya'ul Hukkam babi biyar ne: hijira, naɗin shugaba da muƙarrabansa, jihadi, siyasar shari'a, da aikin hajji. Ya ɗebo da yawa daga Magili, malamin da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha shekaru ɗari uku kafin nan, da kuma littafin Ibn Farhun a kan hukunci. A cikinsa ya bayyana wanda ya cancanci shugabanci, da aikin waziri da alƙali da mai kula da kasuwa, da inda kuɗin baitulmali ya halatta su fito da inda za su tafi. Ya tsananta a kan kyautar da ake kai wa ma'aikaci saboda kujerarsa, ya kuma raba tsakanin shugabancin da jama'a suka zaɓa bisa cancanta da sarautar da ɗa ke gada daga uba don kawai ɗansa ne. Ba abin mamaki ba ne da 'yan NEPU irin su Malam Aminu Kano suka riƙa kafa hujja da rubuce-rubucen shugabannin jihadi a shekarun 1950, suna auna sarakunan zamaninsu da ma'aunin kakanninsu.

Daga Kano ya juya ya koma. Ana iya yi wa wannan komawa fassara iri-iri, amma abin da ya fito fili shi ne bai koma don ya sauya ra'ayi ba, tunda sukar da ya yi ta ci gaba da fitowa a littattafansa na baya. Ya dai zaɓi ya ɗauki nauyin da ya guda, yana sane da cewa ba zai fita da hannu fari tas ba. Bai sake samun zuwa Makka ba har ya bar duniya.

Alƙalawa ta faɗi a hannun Bello a watan Oktoban 1808, aka kashe Yunfa. Shi kuwa Abdullahi sai ya fuskanci yamma da kudu. A shekarun da suka biyo ya kai yaƙi ƙasar Dandi, ya ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma, ya kuma bar labarin wahalar ƙetare kogin da runduna a cikin waƙoƙinsa. Wannan shi ne farkon shigar ikon Gwandu cikin yankin da yau ake kira ƙaramar hukumar Bagudo da maƙwabtanta na hayin iyaka. Sai dai ikon bai taɓa zama cikakke ba. Ƙasar Bargu ba ta miƙa wuya ba, Illo na da tsohuwar dangantaka da Busa, Kabawa kuma ba su daina tayar da ƙayar baya ba har suka sake kafa kansu a Argungu. Sai a shekarun farko na mulkin mallaka ne Turawan Ingila suka yanke Illo da Ka'oje da Lafagu daga Bargu suka haɗa su da Gwandu, bayan sun raba yankin da Faransawa sun shata iyakar da yanzu ake ƙetarewa ta Tsamiya da Lolo.

Saboda haka ba kowa ne a wannan yanki ke tuna waɗannan shekaru da farin ciki ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Yaƙi ne, an ƙone garuruwa, an kama mutane. Abdullahi ya yi fushi da bautar da wanda shari'a ta ce ɗa ne, amma bai ƙi bauta ita kanta ba, kamar yadda malaman zamaninsa ba su ƙi ta ba. Dandawa da Kyangawa da Busawa da kakanninsu suka ga rundunar daga ɗaya gefen suna da nasu labarin. Mutumin da ya fi kowa binciken zuciyarsa a cikin shugabannin jihadi bai ga wannan a matsayin abin da ke buƙatar bincike ba, kuma nan ne iyakar ganinsa ta tsaya.

Da Shehu ya koma Sifawa a wajajen 1810, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa. Waɗannan shekaru na Boɗinga su ne mafi albarka a rubutunsa, kuma a cikinsu ne ya yi abin da ɗalibai kaɗan ke iyawa, wato ya saɓa wa malaminsa a rubuce ba tare da ya raina shi ba. Sun yi saɓani a kan ko ya halatta a kira shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin na da, da hukuncin kaɗe-kaɗe, da sanya tufafin ado ga masu mulki, da makomar dukiyar da aka ƙwace a lokacin yaƙi. Shehu, wanda ya ga cewa dole a sassauta in ana son daular ta zauna, ya karkata ga sauƙi. Abdullahi ya tsaya a kan tsanani, ya rubuta Diya'us Sulɗan yana bin hujjojin yayansa ɗaya bayan ɗaya. Shehu bai hana shi ba. A littafinsa Najmul Ihwan ma ya shawarci mutane su karanta littattafan ƙanen nasa, domin shi ne mai tsare zahirin shari'a. Yana da wuya a nuna wata jam'iyya a ƙasar nan a yau da mataimaki zai wallafa raddi ga shugabanta, shugaban kuma ya ce a je a karanta.

A wannan lokaci ne kuma ya kammala babban aikinsa, tafsirin Diya'ut Ta'awil, a wajajen 1816. Tafsiri ne cikakke na Alƙur'ani, mai kula da nahawu da balaga da ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi, wanda aka buga a Alƙahira cikin juzu'i huɗu a 1961. Bayan 'yan shekaru ya lura cewa littafin ya fi ƙarfin yawancin ɗaliban ƙasarsa. Bai ɗora musu laifi ba, sai ya sake zama ya rubuta wani gajere, Kifayatu Du'afa'is Sudan, wanda ya taƙaita a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, wato abin da mutanen nan suka saba da shi. A fannin harshe ya bar Hisnur Rasin, baiti kimanin 1,000 a kan sarfu, da Baharul Muhiɗ, sama da baiti 4,000 a kan nahawu. Ya yi rubutu har a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a noma ba, da niyyar da ta kamaci manomi da maɗinki da ɗan kasuwa a cikin sana'arsu. Duk wannan daga mutumin da ke da rabin daula a wuyansa, a zamanin da takarda sai ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi.

Jarrabawa mafi girma ta zo a watan Afrilun 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato, Abdullahi na Boɗinga. Shi ne babba, shi ne mafi ilimi a cikin waɗanda suka rage, shi ne wanda ya fara mubaya'a a Gudu, kuma ra'ayinsa a kan gadon mulki daga uba zuwa ɗa sananne ne. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, kuma ruwayar da ta shahara ta ce ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya ya nufi Gwandu.

Yana da mabiya, yana da hujja, yana da rabin ƙasa. Abin da ya yi shi ne ya rubuta littafi, Sabilus Salama, a kan sharuɗɗan shugabanci da yadda ake naɗa shugaba, Bello kuma ya amsa da nasa littafin. Tsakaninsu ya yi sanyi na wasu shekaru, amma ba a zare takobi ba. In aka tuna yadda jayayyar gado ta jefa Kano cikin yaƙin basasa a 1893, za a gane girman abin da bai faru ba a 1817.

Rasuwar Shehu ta buɗe ƙofar tawaye ta ko'ina. Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara rikici da Gobir, ya yi wa Bello bore a Kware, aka murƙushe shi a farkon 1818. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. A wajajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Abin da ya biyo baya na cikin labaran da aka fi maimaitawa a tarihin daular. Da suka haɗu bayan yaƙi, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ya kuma miƙa alkyabbarsa ta wazirci ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda zuriyarsa ke riƙe da wazircin Sakkwato har yau. Dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai ya sunkuyar da kai ga yaron da ya girma a gabansa, kuma a gaban runduna. Daga ranar daular ta zauna da kai biyu, Sakkwato da Gwandu, har zuwan Turawa a 1903.

Bayan Kalambaina ya janye hannunsa daga harkokin yau da kullum. Ya bar wa ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Muhammadu Buhari kula da ƙasa da yaƙi, shi ya koma karantarwa. Littattafansa na wannan zango sun sauya fuska. Maimakon alƙalai da sarakuna, sai ya koma magana da zuciya: Maɗiyyatuz Zad, Sabilun Najati, da Tahzibul Insan, wanda sunansa ma ke nufin tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. A cikinsu ya bi sawun Gazali yana tona cututtukan da ke kama mai ilimi da mai mulki fiye da kowa, wato girman kai da hassada da riya da son a yabe shi da dogon buri. Wanda ya san abin da ya faru a ƙofar Sakkwato zai yi wuya ya karanta babin hassada da son shugabanci a matsayin darasin da aka shirya wa ɗalibai kawai.

Akwai abin da tarihi ya yi masa wanda da wuya ya so. Mutumin da ya yi rubutu a kan illar gadon mulki, zuriyarsa ce ke sarautar Gwandu tun daga ranar da ya rasu. Ɗansa Muhammadu Wani ya gaje shi, sa'an nan wani ɗan nasa, Halilu, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858. Halilu dai ya ɗauko wani abu na halin uban. Da matafiyin nan ɗan Jamus Heinrich Barth ya iso Gwandu a 1853, ya tarar da sarki mai zaman kaɗaici kamar sufi, wanda bai ma yarda ya gan shi ba. A garin ne kuma Barth ya samu kwafin Tarihus Sudan, babban tarihin Sanwai da Tambutu, alamar irin littattafan da suka taru a Gwandu a zamanin Abdullahi da 'ya'yansa. Daga baya Turawa suka mayar da fadar Birnin Kebbi, garin da ya ci a 1805, inda fadar Sarkin Gwandu ke ɗauke da sunansa. Haka ma babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ya rasu a Gwandu a 1829 bisa lissafin da ya fi shahara, wasu masana kuma na cewa 1828, yana da shekara sittin da 'yan kai. A can hubbarensa yake. Tahzibul Insan na cikin littattafan ƙarshe da ya rubuta, ya kammala shi ba da daɗewa ba kafin rasuwarsa.